Dakan da Gwaggo Halimatou Ba Ta Yi Ba

Duk wanda ya yi biki a unguwar Bobiel ko Kirkissoye ta birnin Yamai a shekarun nan, da wuya in faifan bikinsa bai bi ta hannun Ɗan'azumi mai montaj ba. Shagonsa yana bayan layin masu katako a kasuwar Katako, ɗan ɗaki ne wanda in mutum biyu suka shiga sai na uku ya yi sallama daga waje. Aikinsa a kawo masa abin da aka ɗauka da kamera, ya yanke, ya jera, ya sa sauti, ya mai da tarkace labari. Ya iya kuwa, wannan babu mai ja. Abin da ke ƙona wa mutane rai shi ne ya san ya iya, kuma ba ya barin kowa ya manta.

Ba haifaffen Yamai ba ne. A Garin Sumana aka yanke cibiyarsa, wani ƙauye can ƙasar Tahoua. Yunwar tamanin da huɗu ta ɗauke uwarsa tun bai isa shiga makaranta ba, sai ƙanwar ubansa, Gwaggo Halimatou, ta ɗauke shi. Ita ta riƙa shiga daji tana tsinko anza, ta jiƙa, ta wanke ɗacinta, ta dafa ta ba shi, ita kuma ta sha ruwa ta kwanta. Da aka samu damina, ubansa, wanda tela ne a Katako, ya zo ya tafi da shi birni. Tun daga nan ƙauye ya zame masa wurin da ake aika wa gaisuwa da sandar sabulu in an dace da mai tafiya.

Bai shiga wata makarantar fim ba, intanet ce ta koya masa. Lokacin da aka fara buɗe shagunan sibar a Yamai, inda mutum ke hayar ordinatar, wato kwamfuta, ya shiga intanet, can ya tare. Ya gano dandalin masu montaj na Faransa da Kanada inda ake tambaya a ba da amsa, ya gano bidiyoyin da ke koyar da aiki daki-daki, sannan ya gano abin da ya fi tafiya da hankalinsa, wato rumbunan sauti. Shafuka ne da mutane daga ko'ina suke zuba abin da suka naɗa, kowa ya kwasa kyauta: ruwan sama, kukan jariri, tashin jirgi, ƙarar ƙofa. Ya kwasa har ya cika faifai. Mutanen dandalin nan kuwa, waɗanda bai taɓa ganin ko keyarsu ba, “malamaina” yake ce musu, kuma in ya faɗi haka har da ɗan sunkuyar da kai, abin da bai taɓa yi wa limamin unguwarsu ba.

A wajensu ya ɗauko dokar da ya riƙe kamar farilla, cewa hoto ba ya tafiya tsirara, dole a shimfiɗa masa sautin wuri a ƙarƙashinsa, abin da suke kira ambiyans. A faɗi gaskiya, malaman nan sun ƙara da cewa sautin wurin kansa ya fi, amma ɗalibi ya ɗauki rabin karatun da ya fi sauƙi ya bar musu sauran. In bikinka ya yi sanyi, Ɗan'azumi zai zuba masa tafin wani gidan rawa na Turai da guɗar wata Balarabiya, ka kalla ka rantse rabin Yamai ne suka zo. Ba wanda ya taɓa kawo ƙara. Wa zai yi faɗa da wanda ya ƙara masa jama'a?

Sai shekarar 2010 ta zo. Daminar da ta gabata ta yi ƙarya, hatsi ya bushe a tsaye, dabbobi suna faɗuwa a hanyar rijiya. A farkon shekarar sojoji suka karɓi mulki. Kafin su, kalmar yunwa ba a son jin ta a bakin kowa, sai dai a yi ta kewaye-kewaye. Da suka zo aka saki kalmar, ƙungiyoyin agaji suka cika gari da fararen motoci, kowace tana neman fim da za ta nuna wa masu taimako. Wata daga cikinsu ta ba Harouna aikin. Harouna yana da ɗan kamfanin ɗaukar hoto a Bobiel, kuma Ɗan'azumi ne ke yi masa montaj.

“Patron, ku tafi garinmu,” Ɗan'azumi ya ce wa maigidan nasa Harouna. “Ku nemi gwaggona Halimatou, ku ce ni na aiko ku. Ta iya magana. In aka ga garin a tele, taimako zai kai musu.”

Niyya ce mai kyau, ba za a hana shi wannan ba. Amma shi bai bi su ba. Ya ce aiki ya yi masa yawa, akwai bukukuwan da bai gama ba. Matar da ta hana cikinta ta ba shi tana can cikin yunwa, ga mota kyauta har ƙofar gidanta, shi kuwa ya zauna yana ƙara wa amaren Kirkissoye guɗa.

Su Harouna suka isa Garin Sumana. Kamar yadda masu kamera suka saba, abin da suka fara yi shi ne korar mutane, don kada hayaniya ta ɓata musu sauti. Aka kora yara da manya can nesa, aka rufe ƙofar gida, aka zaunar da Gwaggo Halimatou a tsakar gida kusa da ƙofar ɗakinta. Ƴarta Zainabu, bazawarar da ke zaune tare da ita, tana kwance a cikin ɗakin, jiri ya hana ta tashi. Tsohuwa ta dubi kamera ta yi magana ba kuka ba roƙo.

“Turmina ya manta da hatsi,” ta ce. “Ramatu maƙwabciyata ta zo mini da ƙwarya, ɗiyarta na kwance. Na rantse mata da Allah ba ni da ko tsaba guda. Yarinyar ta tahi. In da ina da shi, ai da ni da Ramatu duk ɗaya muke.”

To, akwai abin da kowane yaro a Garin Sumana ya sani. A ƙauye turmi shi ne mai shela. In aka ji daka a gidanka, an san akwai abin dakawa, kuma a shekarar yunwa duk wadda aka ji taɓaryarta, maƙwabta za su turo da ƙwarya, ba ta kuma da bakin hanawa. Saboda haka marowaciya takan ja turminta cikin ɗaki, ta rufe ƙofa, ta daka a hankali. Dakan ɗaki ake ce masa, kuma babu abin kunya da ya kai shi. Gara a ce mace ta yi sata. Ɗan'azumi ya taɓa sanin wannan. Birni ne ya wanke shi daga kansa.

Da aka kawo masa aikin ya sa abin sauraro a kunne, sai ya ji muryar gwaggonsa da iska kawai. In ta yi shiru, komai ya yi shiru. Ba zakara, ba jaki, ba yaro. Ya kira Harouna a waya da faɗa.

“Patron, mai ɗaukar sautin nan naka barci ya yi? Ambiyans ɗin ya mutu gaba ɗaya.”

“Ba barci ya yi ba. Haka garin yake.”

“Babu garin da yake haka,” in ji Ɗan'azumi, ya kashe waya.

An faɗa masa da baki, ya ji da kunnensa, amma wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Ya tashi ya tafi sibar, ya shiga rumbun da ya fi amincewa da shi, ya nemi sautin ƙauye. Ga shi nan a sama, wani ya naɗa ya sa masa suna “Ƙauyen Afirka da hantsi”, kamar Afirka ƙauye guda ce mai hantsi guda. A ƙasa masu montaj na duniya sun yi ta yabo. Ya sauke shi a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa ordinatar, ya dawo shago.

Abin takaicin shi ne ba aikin ganganci ya yi ba, da ya yi ganganci da an gane. A cikin sautin akwai zakara da awaki da daka. Ya duba hotunan ya ga babu dabba ko ɗaya, sai ya cire zakara da awaki, yana jin kansa mai hankali. Dakan ya bari, don ba dole a ga mai daka ba. Ya ji yana danne muryar tsohuwa, sai ya rage shi. Ya ji har yanzu yana da kaifi, sai ya dusashe shi. Sannan ya tura shi ɓangaren hagu, inda ƙofar ɗakin take a hoto. Ya yini yana gogewa har dakan ya zauna daram, kamar daga cikin ɗakin yake fitowa, ƙofa a rufe, ana yi a hankali. Ya jingina da kujera ya yi murmushi. Tsohuwa tana rantsuwa da Allah ba ta da tsaba, a bayanta kuma ana daka.

Harouna ya ce aiki ya yi kyau. Mutanen ƙungiya suka ce dakan nan ya ba fim ɗin rai. Aka nuna shi a tele bayan labarun yamma.

A Katako akwai mutanen Garin Sumana da yunwa ta koro, suna dakon katako. Cikinsu har da Isa, mijin Ramatu, uban yarinyar da ta rasu. A teburin mai shayi ya ga fim ɗin. Da safe ya zo ƙofar shago ya tsaya, da gammonsa a hannu.

“Ɗan'azumi, kai ka yi aikin wanga na gwaggonka?”

“Ni ne, Baba Isa. Ka gani?”

“Na gani, na kuma ji. Dakan da ake yi ciki, a gidan aka ɗauke shi?”

Nan ne Allah ya ba Ɗan'azumi ƙofar fita, shi kuwa ya sa ƙafa ya rufe ta. Malamansa sun ce gwanin sauti shi ne wanda ba a gane hannunsa. Ga ɗan ƙauye, wanda ya tashi cikin daka, bai gane ba. Wane yabo ya fi wannan? Daɗi ya cika shi har wuya.

“A gidan mana, Baba. Mu ba ma wasa da aiki.”

Isa ya gyaɗa kai. Ya miƙo wayarsa ya ce a sa masa a ciki, yana so ya nuna a gida. Ɗan'azumi ya sa masa, ya ce ya bar kuɗinsa, ai ana tare.

Ba a daɗe ba Zainabu ta ari waya ta kira shi. Muryarta ba ta fita sosai.

“Yaya, mi Inna ta yi maka?”

Ta faɗa masa duka. Fim ɗin ya bi gari daga waya zuwa waya. Ramatu ta tsaya a bakin rijiya ta ce matar da ta rantse mata da Allah, ɗiyarta na mutuwa, ashe dakan ɗaki ake yi a gidanta. Mata sun daina amsa gaisuwar tsohuwa. Yara suna bin bayan dangarta suna buga ƙafa a ƙasa kamar taɓarya. Taimakon da ake jira ya iso, amma da ta fita wurin rabo aka yi ta ƙus-ƙus har ta juya ta koma gida hannu wofi, ta ce ba za ta sake fita ba.

Ɗan'azumi ya ji kamar an zuba masa ruwan zafi. Fushi ya kama shi, sai dai fushin ya rasa inda zai sauka. Ya zagi Harouna, ya zagi ƙungiya, ya zagi ƙauyawa da rashin sanin fim. Da ya gama zagin kowa ya ɗauki ordinatar ɗinsa ya nufi tasha, yana cewa abu ne mai sauƙi, zai nuna musu ainihin sautin, magana ta ƙare. Har a lokacin gani yake matsalar ta na'ura ce.

Da mai babur ya sauke shi a bakin gari ya kashe inji, sai ya ji abin da aka faɗa masa a waya ya ƙaryata. Gari guda, rana tsaka, ba abin da ke motsi sai iska. Bai tsaya ba, ya wuce ƙofar mai gari. Dattawa suka taru a inuwa, Isa na ciki, mata suka tsaya daga baya, Ramatu a gefe. Ya buɗe ordinatar ya nuna musu layi biyu, na murya da na daka.

“Ku duba. Wannan shi ne abin da aka ɗauka a gidan. Wannan kuma ni na ƙara, daga intanet. Ga shi na cire. Ga shi na mayar. Ga shi na sake cirewa.”

Ya yi ta yi, yatsunsa na yawo a kan na'ura, har ya ɗauke dakan ya ɗora shi a kan hoton masallaci don su ga ana iyawa. Bai lura ba, duk gwanintar da ya nuna ƙara zurfin ramin take yi. Mai gari ya bar shi ya gama.

“Mun ga ka iya, ɗana,” ya ce. “Amma wanda ya iya sa abin da babu, ai ya iya cire abin da akwai.”

“Ranka ya daɗe, wallahi ni na sa shi.”

Isa ya ɗago kai. “A Katako na tambaye ka, da bakinka ka ce a gidan aka ɗauke shi. Ranar nan ba ka san da wata magana ba. Yau ka san gwaggonka na cikin kunya, ka zo da wata. Jininta ne kai. Wace za mu ɗauka?”

Ɗan'azumi ya ture ordinatar gefe. Ya ce a kira Harouna. Wani dattijo ya ce ai shi ma mai irin sana'ar ne. Ya ce a tambayi Zainabu. Aka ce ita ake zargi da riƙe taɓaryar. Waɗanda za su yi shaida kuwa an kore su nesa tun ranar, don sauti ya fita tsaf. Wasu a cikin dattawan sun yarda da shi, ya gani a fuskarsu. Amma ba yardarsu ya zo nema ba. Ya juya wajen Ramatu.

“Inna Ramatu, ki yi wa Allah.”

Ramatu ta dube shi. “Ko gaskiya kake hwaɗi, Ɗan'azumi, kunnena ya riga ya ji. In na tuna ɗiyata, da dakan wanga nake tuna ta. Cire shi nan ciki in ka iya.” Ta taɓa kunnenta, ta ja mayafi ta tafi.

Gwaggo Halimatou ba ta zo taron ba. Ya same ta zaune inda aka ɗauke ta a hoto, ta rame har zoben azurfarta na yawo a yatsa. Ta amsa gaisuwarsa, ta sa Zainabu ta kawo masa ruwa, ta tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya. Da ya fara bayanin intanet da rumbun sauti sai ta ɗaga hannu.

“Wace ce mai dakan?”

“Ban san ta ba, Gwaggo. Wata ce a wata ƙasa.”

“Ba ka san ta ba, ka shigo da ita ɗakina. Hatsi ne mai kyau take daka, na ji. Allah ya sa ta ci lahiya. Kai kuma, ka aiko mini baƙi na hwaɗi abin da ke cikina, abin da ban taɓa hwaɗa wa kowa ba. Maganata ba ta ishe ka ba, sai da ka yi mata kiɗa?”

Ya yi kuka a gabanta, kukan babban mutum mai muni. Ba ta rarrashe shi ba, ba ta kuma kore shi ba. Ta ce ya sha ruwansa kada ya yi zafi.

Da ya koma Yamai ya wuce sibar ya rubuta a ƙarƙashin sautin nan, da Faransancinsa mai gargada, duk abin da ya faru. Wani ya amsa masa da cewa labarin ya taɓa shi ƙwarai, ya sa hoton fuska mai hawaye. Wani ya ce laifin ba na sauti ba ne, na wanda ya yi amfani da shi ne. Ɗan'azumi ya so ya ɗaga ordinatar ɗin ya buga da ƙasa, ba don mutumin ya yi ƙarya ba. Sautin yana nan a shafin, ana ta kwasa. Shi ma bai bar sana'a ba, da me zai ci? Ya dai gyara fim ɗin ya kai wa ƙungiya, suka yi godiya suka ce aikin ya riga ya wuce. Ihu bayan hari ke nan.

Damina ta yi kyau a shekarar. Bayan girbi ya ɗauki buhun shinkafa da turmin atamfa ya koma Garin Sumana, yana fatan ƙoshi ya gyara abin da yunwa ta ɓata. Garin ya dawo da muryarsa, ta ko'ina daka ake yi. A ƙauyen mata ba sa daka su kaɗai in da hali, lugude suke yi, biyu a turmi guda, wannan ta ɗaga waccan ta sauke. Zainabu ta ce masa tun kafin a haife ta Inna da Ramatu turmi ɗaya suke dakawa, yau a gidan wannan gobe a gidan waccan.

Ya tarar da gwaggonsa a waje. Ta fito da turminta ƙofar gida, bakin hanya, inda duk mai wucewa zai ga abin da ke ciki, kuma Zainabu ta ce tsohuwa ta rantse turmin ba zai sake shiga gidan ba. Tana daka ita kaɗai, da hannuwan da ba su gama dawowa ba. Ta buga, ta ɗaga, ta ɗan dakata daidai inda taɓarya ta biyu ya kamata ta sauka, don hannu ya saba, sannan ta sake bugawa. Ɗan'azumi ya tsaya da buhu a kafaɗa. A bayan dangar da ke kusa Ramatu ma daka take yi, a nata turmin.